Ranar da Abarci Ya Taka Gasara

A zamanin da Dakoro ba ta wuce rijiya ɗaya da 'yan gidajen kara kewaye da ita ba, tun kowa a wajen bai taɓa sa Bature a ido ba, an yi wani mutum wai shi Abarci. Allah ya ba shi jiki, ya ba shi murya, sai dai linzamin ne ba a haɗo masa da shi ba. In ya kashe gafiya da safe, kafin azahar ta zama kura, in kuwa labarin ya kai la'asar to zaki ne, kuma da hannun hagu ya shaƙe shi. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Abu guda ne ke cin ransa: duk namijin da ya amsa sunansa a garin yana da take a gangar Bubakar makaɗi, mahauci da nasa, maharbi da nasa, har mai haƙar rijiya, amma shi ko oho. In ya zo wucewa sai Bubakar ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran fatar ganga.

Matarsa Dela ce ke riƙe da gidan. A can ƙuryar rumbu ta rataye damin irin gero, wanda uwarta ta taho da shi a ƙullin zane lokacin da suka baro kudu. Gero ne mai ƙananan ƙwayoyi jaja-jaja, mai saurin nuna, kafin ruwan arewa ya ɗauke ya riga ya yi ido. Uwar ta rasu, ba ta bar wa Dela komai ba sai shi. Farin bara kuma ya sa maƙwabtan da ta taɓa ɗiba wa duk sun cinye nasu, saboda haka a faɗin garin damin nan kaɗai ya rage. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Wata safiya Dela ta tace ƙullu ta tsiyaye ruwan da ya taso sama, gasara ta kwanta a ƙwarya da ɗan danshinta, tana jiran ruwa ya tafasa ta dama koko. Abarci na zaune kusa yana ba ta labarin yadda ya taɓa naushin raƙumin wani ɓarawo har raƙumin ya durƙusa. Wannan ne karo na ba adadi da ta ji labarin, shi ya sa ba ta ko ɗago kai ba. Don ya nuna mata yadda naushin ya sauka, sai ya dunƙule hannu ya kai wa ƙwaryar.

Ko ɗigo bai fantsama ba. Hannun ya dawo masa kamar ya bugi daɓe.

Ya tsura wa ƙwaryar ido. Ya sa yatsa a hankali, yatsan ya nutse. Ya sake kai naushi, abin ya ƙame.

"Dela! Taho ki ga ikon Allah! Hannuna ya daskarad da ruwa!"

"Maigida, gasara ce hwa," in ji Dela. "Haka take tun kakanni. In ka bi ta sannu ta ba ka hanya, in ka zo mata da ƙarhi ta ƙi. Hid da hannunka, ko wanke shi ba ka yi ba."

"Ke kin taɓa naushinta?"

"Mi zai kai ni naushin abin da zan sha?"

"To kin gani. Ba ki san komi ba game da al'amarin."

Kafin kokon ya huce Abarci ya gama tsara rayuwarsa. In damina ta sauka kwarin Tarka na cika, matafiya da jakunansu su yi cirko-cirko a baki suna jiran ruwa ya janye. To mutumin da zai nausa ruwa ya daskare a bi ta kai, ai ba abin da ya dace da shi sai sarautar Sarkin Ruwa. Wannan kuwa a garin da sai an zura igiya har hannu ya gaji kafin guga ya jiƙe.

Ya nufi gindin aduwa inda maza ke hira ya shelanta. Amani, taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama, ya dube shi sama da ƙasa.

"Taubashi, kai da ko wanka sai Dela ta yi da gaske? Yaushe kai da ruwa kunka shirya?"

"Yi ta dariya, Amani. Ranar da za ka zo roƙon in tsallakar da kai, sai ka tuɓe takalmi."

Ana cikin haka sai ga Hawa Bafillatana ta sauke ƙwaryar kindirmo a inuwa, mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Amani ya nuna ta da haɓa.

"Ga abu nan ya ma yi maka rabin aikin. Gwada muna."

Abarci ya naɗe hannun riga, ya yi wata 'yar addu'a da shi kansa bai san ma'anarta ba, ya ɗirka wa kindirmon naushi. Abin da ya tashi sama ya fi abin da ya rage. Gemun Amani ya yi fari, liman da ke wucewa ya samu rabonsa a rawani, wanda ya saura a ƙwarya kuma ya tsinke ya koma tsala.

Hawa ta dafe kai. "Kai Kaɗo, mi na yi maka? Nono in an buge shi sakin jiki yake yi, ko maburgi ba ka taɓa gani ba?"

"Nonon daji ne," in ji Abarci yana lashe gwiwar hannu. "Bai san ni ba tukuna."

Hawa ba ta tsaya gardama ba. Ta cire hular kansa ta jefa a ƙwarya ta yi gaba, ta ce in ya so ya zo ruga ya gabatar da kansa ga shanun.

Wani da ya ga haka da ya haƙura. Abarci cewa ya yi ai hannu ne ya gaji, ƙarfin ya sauka ƙafa. Washegari ya ja mutane zuwa taɓon bakin rijiya, inda dabbobi ke tattakawa, ya hau kai ya shiga buga ƙafa. Da farko lakar ta ɗauke shi, har ya fara murmushi. Amma laka ba gasara ba ce. Yana bugu tana narkewa, yana ƙara bugu tana ƙara saki, kafin ya ankara ta kai masa cinya.

"Ci gaba, taubashi," in ji Amani daga tudu. "Ta kusa sanin ka."

Sai da aka kwanto jakin da ke jan guga aka ɗaura wa Abarci igiya a ƙugu. Jakin ya fito da shi, amma lakar ta riƙe takalmansa, ta kuma nemi riƙe wandon, da ƙyar aka yi sulhu.

Ya koma gida yana ɗigar baƙin ruwa, kuma a hanya ya gano inda matsalar take. Ƙarfin nasa, a ganinsa, ba ya aiki sai a kan ruwan da ya san gero. Bai faɗa wa kowa wannan ba. Abin da ya faɗa a gindin aduwa shi ne, ranar da ayarin Buzaye masu gishiri ya sauka bakin rijiya, zai cika babban komin shayar da dabbobi da ruwa, ya bi ta kai da ƙafa a gaban baƙi da 'yan gari. A sanar da Bubakar ya zo da ganga.

Sai aka yi rashin sa'a ƙanwar Dela ta haihu a Korahane. Da za ta tafi suna, ta tsaya a bakin ƙofa da kayanta a ka.

"Maigida, komi na gidan ga kana iya taɓawa. Ban da damin Inna."

"Haba Dela, mi kika ɗauke ni?"

Ta dube shi, ta ga amsar za ta ɓata tafiya, ta wuce.

Ƙurarta ba ta kwanta ba ya kwaso geron ci da ya rage a rumbu ya kai wa Uwale maƙwabciyarsu, ya ce kunun sadaka za a yi na roƙon ruwa. Uwale ta tara mata, aka surfa, aka jiƙa, aka niƙa, aka tace. Da ya juye gasarar a komi ya gwada, sai ya ga ko idon sawu ba ta rufe ba. Wa zai yi mamakin mutumin da ya taka abin da kaza ma za ta tsallake?

Ya koma ya tsaya gaban rumbu yana kallon damin irin. Ya tafi. Ya dawo. Ya ce wa kansa ai aro ne, Sarkin Ruwa dammunan gero nawa za a kawo masa gaisuwa? Ya sauko da shi, ya rufe ƙofar gida kada a ga namiji da taɓarya, ya sussuke shi tas. Yana cikin yi sai ya tuna mai asiri ba ya fita da damtse tsirara. Ya yanka fatar tsohon guga ya ɗinka kambuna da layu manya-manya, da ya rasa abin da zai cusa su yi kumburi, sai ya dinga damƙo geron da ke gabansa yana ɗurawa. Sauran ya jiƙa da kansa, sai da ya kumbura sannan ya kai wa Uwale.

Uwale ta ɗebo a tafin hannu ta juya shi. "Abarci, wanga ba irin Dela ba ne?"

"Mai kama da shi ne."

"Mai kama da shi a ina, duk garin ga?"

"Uwale, ana maganar sadaka kina maganar kama?"

Gero ya riga ya sha ruwa, ba abin da za a ceta. Uwale ta niƙa, amma kafin ta ɗora hannu a dutse sai da ta ba wani mai jaki da ya nufi Korahane saƙo.

Ranar ta zo. Buzaye sun sauke raƙuma, Fulani sun tsare shanunsu a gefe suna ƙunƙuni, don tun safe an hana su komi, dabbobi kuwa sai kuka suke na ƙishi. Gari ya fito kaf. Abarci ya bayyana ba hula ba takalmi, amma damatsansa da wuyansa sun sha layu har hannayensa ba sa haɗuwa da jiki.

Amani ya leƙa komin ya shaƙi iska. "Taubashi, ruwan naka ya yi hwari ƙwarai. Har ƙamshin koko shike."

"Asiri ne ya juya shi."

Matan da suka niƙa asirin da hannunsu suka tura baki cikin mayafi.

Abarci ya ja da baya, ya tofa addu'a a tafin hannu, ya sheƙo da gudu ya hau komin. Tap, tap, tap, sai ga shi a ɗaya bakin, ƙafarsa ko jiƙa ba ta yi ba.

Wani dattijon Buzu ya matso ya tsoma yatsa a hankali, yatsan ya nutse, ya ɗago yana ɗiga. Ya dubi Abarci, idanunsa suka firfito ta saman rawani. Abarci ya juyo ya sake bi a guje. Mata suka rangaɗa guɗa, har waɗanda suka san sirrin, don abin ya yi kyau a ido.

Ni dai har yau in na tuna wannan wurin sai tausayin mutumin ya kama ni, domin ya ci nasara. Da ya sauka ya nufi gida, da jikokinsa na nan suna cika wa mutane kunne. Amma ya juya zai bi karo na uku, a daidai lokacin kuma Bubakar ya gyara ganga a kafaɗa ya saki sabon take, yana bi da baki: "Abarci mai taka ruwa! Abarci, ƙahwarka ba ta jiƙa!"

To a ƙasar nan, namijin da aka kaɗa wa takensa ba ya ci gaba da tafiya. Tsayawa yake cak inda kiɗan ya same shi, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Wanda aka kaɗa wa take ya ci gaba da gudu, sunansa matsoraci har ya mutu. Abarci kuwa tun yana saurayi yake jiran wannan kiɗan, kirarin ma ya daɗe da tanadarsa. Kiɗan ya same shi a tsakiyar komi.

Ya tsaya. Ya ɗaga hannu sama.

"Sai ni Abarci ɗan Mahamman! Sai ni na Dela, gagara gasa! Na taka ruwa, ruwa ya durƙusa! Ko kada ya gan ni sai ya nemi tudu!"

"Taubashi," in ji Amani a hankali, "kamar kana gajarta."

"Ni ne hadarin gabas, ni ne..."

"Wallahi gajarta kake. Ɗazu ina ganin idon sawunka."

Abarci ya duba ƙasa. Gasara ta haɗiye ƙafafunsa har ƙwauri, tana ci gaba da sha a nitse. Ya fizgi ƙafar dama da ƙarfi, ta ƙame masa kamar an gina shi a ciki. Ya fizgi ta hagu, haka. Ya tattara ƙarfinsa duka ya yunƙura, sai ya tafi da baya ya zauna daɓas. Gasarar ta karɓe shi da tauri kamar dutse har sai da ya yi ƙara, sannan ta sassauta ta fara shanye mazaunansa su ma.

"Ku ja ni! Ku ja ni mana!"

Majiya ƙarfi suka kama hannayensa suka fizga. Suna fizga tana riƙewa, har komin kansa ya fara biyo su. Bubakar kuwa, da yake ba a ce masa ya daina ba, bai daina ba.

Awaki ne suka fara karya doka. Tun safe suke jin ƙamshin gero, da suka ga mutane sun shagala sai suka kutso ta tsakanin ƙafafu. Shanu suka ga awaki sun samu, suka ture masu tsaronsu. Kan ka ce kwabo an kewaye Sarkin Ruwa da ƙahoni, wata saniya tana lasar komin, wata tana lasar bayansa. Sai wata tsohuwar akuya ta shinshina kambun damtsensa, ta kafa haƙori ta yage shi. Gero ya zubo shar a ƙasa.

Amani ya riƙe ciki. "Jama'a, asiri ya zube! Ku tsare kaji!"

Dariyar da aka yi har raƙuma sai da suka waiwayo. Amma ba ta daɗe ba, don mutane sun fara darewa suna ba da hanya. Dela ce. Saƙon Uwale ya same ta, ta baro suna ba ta ko ci tuwon ba, ta biya gida ta ga igiyar da damin ke rataye tana lilo ba komai. Ta tsaya bakin komi da ƙurar hanya a ƙafafunta, tana kallon geron uwarta ya zama farin ruwa shanu na sha. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Baƙin ciki ne ya cika ta, waɗanda suka yi dariya kuma kunya ta kama su.

Sai idonta ya sauka ƙasa, kan 'yan ƙwayoyi jaja-jaja da akuya ke lasa. Ta kai wa akuyar mari, ta durƙusa ta tsinci ƙwaya ɗaya ta duba. Busasshiya ce, ba ta taɓa ruwa ba. Ta ɗago ta dubi layun da suka cika damatsan mijinta da wuyansa.

"Amani, ba ni wuƙa."

Abarci ya zaro ido. "Dela, ki ji tsoron Allah! Gaban baƙi?"

"Ɗaga hannunka sama, kada su jiƙe. Sama na ce!"

Ya ɗaga, kamar mai shirin sabon kirari. Ta shimfiɗa mayafinta, ta bi layun ɗaya bayan ɗaya tana farkewa tana zazzagewa. Uwale da sauran mata suka durƙusa suna tsince na ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Wasu maza suka matso za su sake jan Abarci.

"Ku kore mani awaki tukuna," in ji Dela. "Shi ku bar shi, ba inda za shi."

Abin da aka tara bai cika ƙoƙo ba, amma iri ne. Ta ƙulle shi a bakin mayafi, ƙulli biyu, ta rungume a ƙirji ta juya.

"Dela, ni hwa?"

"Na gaya maka tun ranar. Ka yi shiru, ka bar kokawa, ka zare ƙahwa sannu-sannu."

Shiru da sannu-sannu, abubuwa biyun da bai taɓa gwadawa ba tun da aka haife shi. Ya ɗan ƙara fizge-fizge don kada a ce mace ce ta fid da shi, har ƙarfinsa ya ƙare ya yi laƙwas. Yana yin laƙwas kuwa ƙafar ta zaro kanta ba wahala. Ya tashi fari fat daga ƙugu zuwa ƙasa, ya bi bayan matarsa, 'yan awaki na biye da shi suna lasa.

Da ruwa ya sauka, Dela ta shuka abin da ta ceto a bayan gida, 'yan kunyoyi kaɗan. Babbar gonar kuwa da irin roƙo aka rufe ta, kuma daminar nan sun sha miyar ganye ba tuwon kirki. Abarci ne mai gadin kunyoyin, daga fitowar rana har faɗuwarta, yana korar tsuntsaye da awaki da muryar nan tasa, wadda a karon farko ta yi wa wani amfani. Geron ya yi. Shekarar da ta biyo Dela ta ɗiba wa Uwale, ta ɗiba wa Amani, har Hawa ta zo da hular ta karɓi nata.

Bubakar bai yar da taken ba. Duk inda ya hango Abarci sai ya saki, shi kuwa maimakon ya tsaya sai ya ƙara sauri. Amma a gindin aduwa, in an zo maganar gero, yakan gyara zama ya ce, "Ku dai ku gode mani. Ba don layuna ba, da irin ga ya ɓace a Dakoro."

Dela ba ta taɓa musa masa ba, don gaskiya ce. Sai dai tun daga shekarar, damin irin a rumbun Uwale yake kwana.